Dannewar Laka: Ciwon Bayan da Ba Ya Son Jira

Idan damina ta yi nisa, an gama noman fari an shiga maimai, da wuya ka sami gida a Shanono da ƙauyukanta da babu mai kukan ciwon baya. Wanda ya wuni a duƙe da fartanya ya san shi, matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa ta san shi, haka ma ɗan acaɓan da ya wuni a kan hanya mai gargada. Mafi yawan wannan ciwon na gajiyar tsoka ne, kuma da hutu da ɗan maganin rage zafi yakan wuce cikin kwanaki ko 'yan makonni. Amma akwai wani ciwon bayan da yake shigowa da irin wannan kama, alhali a ƙarƙashinsa wani abu ne yake danne laka. Shi wannan idan aka yi masa jinkiri yana iya raba mutum da ƙafafunsa har abada. A kansa za mu yi bayani, don mai karatu ya iya bambance su tun yana gida.

Mece ce laka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mahauci yana sara ƙashin bayan rago ya ga wani farin abu mai taushi kamar igiya a tsakiyar ƙashin. Ita ce laka. A jikin babban mutum kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, tsawonta kuma kimanin santimita 45. Ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ramin da ke tsakiyar ƙasusuwan baya, ta ƙare a saman ƙugu, ɗan ƙasa kaɗan da haƙarƙarin ƙarshe. Daga nan jijiyoyi ne suka ci gaba a tare kamar jelar doki, su ne masu zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura da al'aura.

Ƙasusuwan bayan guda 33 ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari suka maƙale, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe da juna a can ƙasa. Tsakanin mafi yawansu akwai guringuntsi mai kama da faifai, wanda yake hana su gogar juna. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu ko ƙafa, da duk wanda fata za ta mayar mata na zafi ko sanyi ko taɓawa, ta laka yake bi. Ramin da take ciki kuwa ƙashi ne ya kewaye shi, ba ya buɗewa. Saboda haka duk abin da ya kutsa ciki, ko ƙashi ne da ya karye, ko mugunya, ko ƙari, ko jini, lakar zai matse.

Masu noman rani za su gane wannan da sauri. Idan aka taka tiyon ban-ruwa, shukar da ke gaba da wurin ce take yin yaushi. Aka ɗaga ƙafa da wuri, sai ta farfaɗo. Aka daɗe, ko an sako ruwan ba za ta tashi ba. Haka laka take: sashen jikin da ke ƙasa da inda aka danne shi yake raunana, kuma ƙwayoyin lakar da suka mutu ba sa sake tsirowa.

Tarin fuka na ƙashin baya

A ƙasashen Turai, idan aka ga laka ta dannu ba tare da hatsari ba, ciwon daji ko tsufan ƙashi ake fara zargi. A nan arewacin Najeriya dole likita ya sa tarin fuka, wato tibi, a sahun gaba. Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya, kuma mutane da dama ba su san tana barin huhu ta shiga ƙashi ba. Ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a ƙashin baya, galibi a ƙasan gadon baya ko saman ƙugu. A hankali take cin gaban ƙashin da faifan da ke kusa da shi, har ƙashin ya rufta kamar ginin da gara ta cinye. A nan ne bayan yake turowa ya yi ɗan doro mai tsini. Mugunya kuma takan taru a gefen ƙashin, irin wadda ba ta zafi ba ta ja, ta tura zuwa cikin ramin laka. Wani likitan tiyata na Ingila, Percivall Pott, shi ya yi bayanin wannan ciwo a 1779, shi ya sa har yau likitoci suke kiran sa da sunansa. Ƙwayar cutar kanta sai a 1882 Robert Koch na Jamus ya gano ta.

Abin da yake ruɗar iyalai shi ne mai wannan ciwo sau da yawa ba ya tari ko kaɗan. Idan muka ce tarin fuka ne, sai a ce, “Likita, ai bai taɓa tari ba.” Abin da za ka lura da shi shi ne ciwon baya a wuri guda da ya ɗauki makonni ko watanni yana ƙaruwa, da rama, da rashin cin abinci, da zazzaɓin yamma, da gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa. Wani ma ciwon bayan kaɗai zai gani. Yaro kuwa yakan daina wasa, ya riƙa tafiya a sanƙare, idan abu ya faɗi ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka maimakon ya sunkuya, ya kuma riƙa farkawa da kuka cikin dare. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau, masu ciwon suga, masu fama da rashin abinci mai gina jiki, da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da mai tarin da ba a yi wa magani ba, sun fi shiga haɗari.

Na taɓa karɓar wani magidanci manomi, shekarunsa ba su wuce arba'in ba, 'yan uwansa suka shigo da shi a kan tabarma. Wata biyar yana ciwon baya. An yi masa ƙaho, an yi tsaga, da doron ya fito aka ce ƙashi ne ya goce aka kai shi wurin mai ɗori ya danna. Da ƙafafun suka mutu sai magana ta koma sammu, tunda a ganinsu ciwon asibiti ba ya kama mutum daga ƙafa ya hau sama. Gwaji ya nuna tibi ne. Aka fara magani, aka sa masa rigar tallafar baya. A wata na biyu babban yatsan ƙafarsa ya motsa, a wata na biyar yana takawa da sanda. Doron dai bai koma ba, don ƙashin da ya rufta ya riga ya rufta. Na kawo labarinsa ne saboda a cikin duk abubuwan da suke danne laka, tibi ne ya fi jin magani, kuma ko ƙafafu sun riga sun mutu akwai fata. Da ya zo a wata na farko, da wataƙila ko kwanciya ba zai yi ba.

Ciwon daji, hatsari da sauransu

Ciwon daji yakan taso daga wani wuri ya bazu zuwa ƙashin baya. A maza dattawa an fi ganin na furostet, wato 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara. A mata kuwa na nono. Akwai na huhu, na ƙoda, da wani na ɓargo da yake rarake ƙashi. Idan kin san an taɓa yi miki aikin ƙari a nono, ko kina da kullutu da kike ɓoyewa, sai ga sabon ciwon baya mai hana barci, kada ki ɗauke shi ciwon gajiya. Haka dattijon da fitsari ya daɗe yana ba shi wahala sannan baya ya kama. Wannan nau'in ba shi da haƙurin tibi. Ƙafafu na iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma abin da aka sani shi ne wanda aka fara wa magani yana iya takawa yakan ci gaba da takawa, wanda kuwa ya kwana biyu ƙafafunsa ba sa motsi sam, da wuya su dawo.

Hatsari kowa ya san shi: faɗuwa a babur, kifewar motar 'yan kasuwa, faɗowa daga bishiyar ɗorawa ko mangwaro ko kuka wajen saran ganye, faɗawa rijiya, katangar ƙasa da ta jiƙa ta rufto wa mutum a damina, ko buhun hatsi da ya zame daga ka ya karya wuya.

Akwai kuma tsufan ƙashin wuya, inda faifan yake lotsawa, ƙashi ya yi tsiro, ramin laka ya ƙuntata. Shi wannan a hankali yake zuwa. Dattijo zai ga ya kasa ɓalla maɓallin riga, carbi yana suɓuce masa, tafiyarsa ta zama kamar ta mai maye. Faifan ƙugu ma yana iya fashewa ya bullo baya. Yawanci jijiya ɗaya yake taɓawa, ciwo ya sauka ƙafa ɗaya, amma idan ya fito da yawa yakan matse jelar dokin nan gaba ɗaya, kuma wannan aikin gaggawa ne.

Abubuwa uku na ƙara saboda yanayin yankinmu. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan dam da kududdufi, irin wuraren noman rani na Watari a Bagwai, wani lokaci ƙwanta yakan sauka a laka, musamman a yara da samari, ko da yake ba kasafai ba. Nonon da ba a dafa madararsa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga shanu masu kama ƙashin baya. Sai magungunan ƙiba irin su “sha ka fashe” da ake saye ba da izinin likita ba. Yawancinsu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, wanda idan an daɗe ana sha yake rarake ƙashi, ya kuma karya garkuwar jiki har tibin da ke kwance ya tashi.

Alamomin da za su sa ka tashi yau, ba gobe ba

Ciwo ne yake fara zuwa, sau da yawa makonni kafin komai. Bambancinsa da na gajiya shi ne hutu ba ya rage shi. Yakan tsananta da dare ko idan an kwanta, tari da atishawa da yunƙurin bayan gida suna ƙara shi, wani kuma yana jin sa kamar an ɗaure masa ƙirji ko ciki da ɗamara.

Sai ƙafafu su fara nauyi. Silifa yana fita ba ka sani ba, kana tuntuɓe a inda babu komai, tashi daga sujada ko daga tsuguno yana gagara, hawa babur sai an taimaka. Ƙafa takan yi dindiris, ko ka ji kamar tururuwa na bi, abin ya faro daga yatsu yana hawa sama har ya tsaya a wani layi, a cibiya ko a ƙirji. Idan a wuya matsalar take, hannaye ma suna shiga, kuma idan ta yi sama sosai har numfashi tana taɓawa.

Alamar da ta fi tayar mana da hankali ita ce wadda mutane suka fi jin kunyar faɗa. Fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura, ko ya riƙa zuba ba tare da an ji ba. Bayan gida ya ƙi zuwa ko ya kufce. Wajen tsarki mutum ya ji kamar ba jikinsa yake taɓawa ba, tsakanin cinyoyi da duwawu sun mutu. Namiji kuma gabansa ya daina motsi kwatsam. Na sha ganin mara lafiya ya ɓoye wannan saboda surukinsa ko ɗansa yana tsaye a wurin. Idan haka ne, ka ce wa likita kana son magana da shi kai kaɗai. Ciwon baya tare da ɗaya daga cikin waɗannan, ko tare da raunin ƙafa, ba a kai shi kemis, ba a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. A ranar ake tafiya asibiti.

Yadda za a ɗauki wanda ya yi hatsari

Mutane da yawa ba faɗuwar ce take kashe musu laka ba, ɗaukar da aka yi musu ce. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada tsayawa, kada a ja masa wuya ko ƙafa da sunan gyara. A samo abu mai faɗi mai ƙarfi, ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu don kada ya juya, mutum uku su mirgina jikin gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. A naɗe zane a tokare gefen kai biyu, a ɗaure shi a jikin katakon. Motar da zai kwanta a miƙe ake nema, ko a-kori-kura ce. Goya shi a babur a tsakiyar mutum biyu, ko lanƙwasa shi a kujerar baya, yana iya ƙarasa abin da ya rage.

Ba raina masu ɗori nake yi ba, amma karayar baya daban take da ta hannu. A ƙarƙashin ƙashin akwai laka, kuma ba a ganin halin da take ciki da ido ko da lalube.

Abin da za a yi a asibiti

Ka fara da asibitin gwamnati mafi kusa. A can za a duba ƙarfin gaɓoɓi, a gwada inda ji ya tsaya, a sa robar fitsari idan ya riƙe, a ba da takardar turawa. Daga Shanono, ko ta Gwarzo aka bi ko ta Bichi, Kano za a nufa, inda akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya ko ruftawar ƙashi, amma ba ya nuna laka, kuma a farkon tibi yana iya fitowa lafiya lau. Hoton MRI shi yake nuna lakar da abin da ya danne ta. Na san yana da tsada ga manomi. Amma idan aka lissafa abin da ake kashewa wata da watanni a allurai da jiƙe-jiƙe da zirga-zirga, sau da yawa ya ninka kuɗin hoton. Za a kuma yi gwajin jini, hoton ƙirji, gwajin majina ko mugunya da na'urar GeneXpert, da gwajin ƙanjamau. Wani lokaci sai an ɗebo ɗan yanki daga ƙashin da allura kafin a tabbatar ko tibi ne ko daji, don a hoto suna iya kama da juna.

Idan tibi ne, maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su. Ana fara wa da magunguna huɗu, rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, na wata 2, sannan a ci gaba da biyun farko. Na huhu wata 6 ake sha, amma na ƙashin baya a tsarin Najeriya wata 12 ne. A nan ake samun matsala. Da zarar ciwo ya lafa a wata na uku, ga aikin gona ya taso, sai a ajiye magani. Cutar takan dawo, wani lokaci a nau'in da ba ya jin waɗannan magungunan. Fitsari zai koma ja ko ruwan goro, wannan aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba ne. Amma idan ido ya yi shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, a koma asibiti nan take. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sanar da likita, don rifampicin yana rage ƙarfinta. Tibin ƙashi shi kaɗai ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sai idan huhu ma ya kamu, saboda haka babu dalilin ware mara lafiya. Duk da haka a kai mutanen gidan gwaji, musamman masu tari da ƙananan yara.

Tiyata ana yin ta ne don a cire abin da ya danne lakar, a kuma kafe ƙasusuwan da ƙarfe idan sun yi sako-sako. Ana buƙatar ta idan rauni yana ƙaruwa duk da magani, ko ƙashin ya goce, ko mugunya ta yi yawa, ko faifai ya matse jijiyoyin fitsari. A hatsari, an fi samun alheri idan an yi ta cikin awa 24. Jita-jitar cewa duk wanda aka taɓa masa baya ba ya sake tashi ta samo asali ne daga waɗanda aka kai bayan lakar ta riga ta mutu. Tiyata tana da haɗarinta, kuma haƙƙinka ne likita ya zauna ya yi maka bayani kafin ka sa hannu.

Idan daji ne, akan ba da dexamethasone nan da nan don rage kumburi, sannan gashi da na'ura, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko tiyata, ko duka biyun. Na furostet da wasu na nono suna jin maganin da yake toshe sinadaran jikin da suke ciyar da su. Ko ba a warke ba, ana iya rage ciwo sosai a kuma tsare tafiya. Tsargiya kuwa praziquantel ake bayarwa tare da maganin kumburi.

Jinya a gida

Wanda ƙafafunsa suka mutu, abin da ya fi yi masa barazana bayan an sallame shi shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Tunda ba ya jin zafi, fatar ƙugu da duwawu da dunduniya takan mutu bai sani ba. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, a raba aikin tsakanin mutanen gida don kada ya faɗa kan mace ɗaya. Tabarma a kan daɓe ba ta isa ba, a samo katifa mai taushi, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri. A duba fatar kullum da safe, duk inda ya yi duhu ko ya saɓule a ɗauke masa nauyi. Lokacin sanyi kada a ajiye kaskon wuta kusa da ƙafafunsa, kada a gasa su da ruwan zafi, don zai ƙone bai ji ba.

Ya sha ruwa sosai, ya ci ganye irin su zogale da rama da kuka saboda bayan gida, da wake da ƙwai da gyaɗa saboda fata da tsoka. Robar fitsari tana da lokacin canji, a tambayi ma'aikacin lafiya ranar, kuma jakar ta kasance ƙasa da mara koyaushe. Zazzaɓi, fitsari mai wari ko gauraye, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, duk dalilan komawa asibiti ne. Masu gashin ƙashi za su nuna muku yadda ake lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta sau da yawa a rana don kada ta ƙage. Ku sa wani daga cikin gida ya tsaya ya koya da hannunsa kafin a bar asibiti, ku kuma karɓi ranar dawowa a rubuce tare da katin maganin, domin a ci gaba da karɓar sa a cibiyar da ta fi kusa da ku.